Taken Ya'u na Taba

Duk wanda ya yi noma a ƙasar Kudan lokacin da ake noma da ƙarfin ƙirji, ba sai an gaya masa ko wane ne Ya'u na Taba ba. Wanda bai san shi ba, ko yaro ne ko baƙo. Mutum ne da Allah ya yi wa ƙashi irin na da. Sanƙarau ya shigo gari yana saurayi, ya kwashe sa'o'insa, shi ma ya kwantar da shi, amma ya tashi ya koma gona. Kububuwa ta sare shi a fadama, ƙafa ta kumbura ta yi kamar turmi, har an aika a kira dangi, da gari ya waye aka same shi zaune yana faɗan an hana shi koko. Sannan ga babbar, wato motar rake da ta kife da su tsakanin Makarfi da Ikara, wadda aka riƙa zaro mutane daga ƙarƙashinta ana salati. Ita ce ta karya masa ƙugu, ta raba shi da filin gayya, amma ko ita ba ta ga bayansa ba. Boko bai yi ba, allon ma bai yi nisa ba, kuma in ka tsokane shi a kan haka sai ya ce maka waɗanda suka yi nisan, yawancinsu da shi aka kai su makwanci.

A zamaninsu, in mai gona ya kira gayya, majiya ƙarfi daga ƙauyuka sukan jeru a bakin gona, kowa da garmarsa, makaɗi yana biye da su da gangar noma. Wanda ya saba fita gaba a huɗa har kowa ya sallama masa, shi ne barde. Shi makaɗi yake yanka wa take, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai. In aka buga taken mutum, ko loma ce a hannunsa sai ya ajiye ya miƙe ya amsa da kirari. Kuma ba a ba wa wani take muddin mai shi yana numfashi. Ko matan da ke kai fura gona sun san wannan.

Wanda ya yanka wa Ya'u take kuwa ba ƙaramin makaɗi ba ne. Saminu Ɗan Hajo ne na Dandamisa, wanda daga baya muryarsa ta shiga rediyo, kasat ɗinsa ya cika kasuwanni. Sai dai tun da motar nan ta faɗi, Ɗan Hajo bai tako Taba ya ce masa sannu ba, kuma a duk waƙoƙin da aka ɗauka babu inda ya ambaci Ya'u. Shi kuwa Ya'u ya rantse ba zai bi shi ba. Makaɗi ne yake zuwa wurin barde, yaushe aka fara akasin haka? A haka gemu ya yi fari.

Abin da ya karya rantsuwar, jikarsa ce Mukarrama. Yarinya ce da ba ta daɗe da fara famfara ba, kuma duk gidan ita kaɗai ce take zama ta ji labarin gayya har ƙarshe. Sauran, musamman uwarta Suwaiba, matar ɗansa, da ya fara sai ka ga an sunkuyar da kai a kan turmi ana danne dariya. Wata rana yarinyar ta dawo daga Islamiyya ido ya yi ja, ta tsaya a ƙofar zaure ba ta ko cire hijabi ba.

"Kaka, ashe ƙarya kake mini."

"Ke! Wa kike gaya wa haka?"

"Na ce wa su Bilki Ɗan Hajo ya yi maka kiɗa. Yayanta ya duba a waya, ya duba, ya duba, babu sunanka ko ɗaya. Yanzu in na wuce sai su ce ga jikar barden tatsuniya."

Ya'u ya ji maganar nan har cikin ƙugunsa da ya karye. A ce waya, abin da ake saya a kasuwa a sa a aljihu, ita ce za ta yi shaidar wanda ya yi noma da wanda bai yi ba! Ya yi faɗa, ya kira sunayen mutanen da suka gani da idonsu, sai ya tarar duk wanda ya kira ya riga mu gidan gaskiya. Yarinyar ta shige cikin gida, kuma daga ranar ta daina zuwa zaure jin labari.

Bayan an kai amfani gida, ranar kasuwa, sai ga mota da lasifika tana shela: Alhaji Bashir mai hatsi zai buɗe sabon sito a Hunkuyi ranar Asabar bayan Azahar, kuma tsohon makaɗi Saminu Ɗan Hajo zai yi wasa. Ya'u bai yi shawara da kowa ba. Ranar Asabar ya ciro rigarsa ta Sallah, ya kafa hula, ya ɗauki sanda, ya leƙa cikin gida.

"Suwaiba, a yi wa yarinyar nan wanka. Hunkuyi za mu."

"Baba, da wannan ranar? Ka bari mana, kada a je a ji kunya a gaban mutane."

"Wa zai ji kunyar? Ke dai shafa mata mai."

Ɗan acaɓa ya sauke su a bakin filin. Jama'a ta cika maƙil, an kafa rumfuna, janareta yana ta ruri a bayan sito. Ya'u ya ja hannun jikarsa ya nufi kujerun gaba kai tsaye, don a saninsa inda makaɗin noma zai zauna, nan ne wurin barde. Wani saurayi cikin masu tsaron wurin ya tare shi da hannu.

"Baba, nan na manyan baƙi ne. A zagaya baya."

"Ka san da wa kake magana?"

"Ko da wa ne, Baba, a zagaya baya."

Mukarrama ta ɗaga kai ta dube shi, kuma wannan kallon ya fi masa zafi a kan maganar saurayin. Suka zagaya. Ya ɗora ta a kan tarin buhunan masara da aka jera a gefe, shi ya tsaya a ƙasa ya dogara sanda, yana huci.

Aka fara da wasu samari masu kiɗan fiyano, suna tsalle, murya kamar ta cikin gwangwani. Abin takaici, yarinyar har kaɗa ƙafa take yi a kan buhu. Ya'u ya kawar da kai. Sai da rana ta fara sanyi sannan mai gabatarwa ya ce a yi shiru, ga uban makaɗa.

Wani magidanci ne ya riƙo shi, ɗansa Bilya, wanda yake jan ragamar ƙungiyar yanzu. Ɗan Hajon da Ya'u ya sani ƙato ne mai wuya kamar na bijimi, wanda yake rataya ganga ya bi gayya tun hantsi har La'asar. Wannan kuwa ɗan tsoho ne da riga ta yi wa yawa, ido ya yi fari, yana laluben ƙasa da ƙafa. Aka zaunar da shi, aka jingina masa gangar a gwiwa don ba zai iya rataya ta ba.

"Kaka, wannan ne?" in ji Mukarrama. "Ai ka fi shi ƙarfi."

"Na fi shi tun da can. Yi shiru ki ji hannu."

Hannun kuwa yana nan. Da ya sauke gula a kan fatar nan, sai da hirar mutane ta yanke. Muryar ta dushe, tana rawa, amma 'yan amshi suna tallafe ta. Ya yi waƙar damina, ya yi ta masu rake, tsofaffi a cikin taro suna gyaɗa kai. Ya'u ya ji idonsa yana yaji, ya ce hayaƙin janareta ne.

Can sai kiɗa ya juya. Bugu biyu masu nauyi, ɗan shiru, sannan uku a jere kamar ana sara ƙasa. Kafin Ya'u ya san abin da ake ciki, bayansa da ya daɗe a tanƙware ya miƙe da kansa. Ya damƙi ƙafar yarinyar.

"Shi ne! Mukarrama, buɗe kunnenki, shi ne wannan!"

Tsohon makaɗi ya matso da baki kusa da lasifika, ya ja murya:

"Gaba ba kowa, baya sai masu haki,
Gaba ba kowa, Bashiru na Hunkuyi!"

Wuri ya ɗauki sowa. Alhaji Bashir ya taso daga kujerar gaba, babbar riga tana jan ƙasa, waya biyu a hannu ɗaya, ya ɗaga ɗaya hannun yana jinjina, abokansa suka bi shi suna yi wa makaɗa liƙi. Ko kirari bai yi ba. Bai ma san ana yi ba. An buga take, mutum yana murmushi yana juyawa a ɗauke shi hoto!

Ya'u ya tsaya baki buɗe. Sai ya ji muryar jikarsa daga saman buhu, a hankali, irin ta mai lallashin yaro.

"Kaka, ai na Alhaji ne. Zo mu tafi gida. Ba zan gaya wa su Inna ba."

To, jama'a, a nan ne abin ya ƙare wa haƙuri. Da zagi ta yi masa, da ya shanye. Amma a ce 'yar jikarsa ce za ta rufa masa asiri! Ya sauke ta daga kan buhu, ya riƙe hannunta, ya kutsa cikin mutane yana buɗe hanya da sanda. Saurayin ɗazu ya sake tarowa, Ya'u ya ture shi da kafaɗa, sai ga saurayin zaune a cinyar wani babban baƙo. Ya'u ya fito tsakiyar fili, ya ɗaga sanda sama kamar yadda ake ɗaga garma, ya buɗe maƙogwaro. Ba a ba shi lasifika ba, kuma bai nema ba.

"Kai! Sai ni Ya'u na Taba, ƙarfen da ya gajiyar da maƙeri!
Ni na shiga gona da hantsi, ciyawa ta yi sallama da 'ya'yanta!
Na gaba ya ce a jira shi, na baya ya ce a kai shi gida!
Sai ni, na Ummuhani, mai huɗa ba waiwaye!"

Gula ta tsaya a sama. 'Yan amshi suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Tsohon makaɗi ya juyo da fararen idanunsa wajen da muryar ta fito.

"Wane ne wannan? Wa ya koya maka kirarin nan?"

"Koya? Ni na haife shi, Saminu!"

"Bawan Allah, ka ji tsoron Allah. Mai kirarin nan ya rasu. Motar rake ta danne shi a hanyar Ikara."

"Ta danne ni, ta gaji, ta ɗaga!"

Mutane suka fara matsowa. Ɗan Hajo ya miƙo hannu yana lalube, ya ce a kawo masa shi kusa. Ya kama tafin Ya'u ya murza, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya hau har dantse. 

"La'ilaha illallahu. Ya'u? Ya'u, kai ne? An ce mini kana cikin waɗanda aka binne a Ikara. Ni da kaina na buga maka taken ƙarshe a gayyar Dandamisa, ina kiɗa ina hawaye, na ajiye shi ban ƙara taɓawa ba sai da yaron nan Bilya ya ce tunda mai shi ya tafi..."

"To na ji, na mutu. Ina ta'aziyyar? Taba a bayan duniya take? Mutum ya yi maka noma kana cin suna, ya mutu, ko ka tako ka ce wa iyalinsa Allah ya ji ƙansa!"

"Ina Kurmi lokacin, muna yawon kiɗa. Da na dawo har an yi arba'in, kunya ta hana ni zuwa." Tsohon ya ɗaga murya shi ma. "Kai kuma da kake raye, duk shekarun nan, ƙafarka ce ta karye da ba za ka zo ka ce ga ni ba?"

"Ƙwarai ta karye! Har da ƙugu!"

Dariya ta ɓarke a filin, har da masu tsaro. Ya'u bai yi dariya ba. Shi bai ga abin dariya ba a nan.

Alhaji Bashir ya matso, yana gyara riga. Ba mutumin banza ba ne, ya rusuna ya gaida Ya'u yadda ya kamata, ya tambayi gida da iyali. Sannan ya ce, "Baba, a yi haƙuri. Waƙa ce kawai. A kawo wa Baba kujera a gaba, a kawo masa lemo, shi da 'yar jikarsa. In an tashi akwai buhun shinkafa da za a sa masa a mota."

"Ɗana, ban zo roƙo ba, rumbuna a cike yake. Tambaya ɗaya zan yi maka. A gonar wa ka fita gaba?"

"Baba, gonata ta fi wasu ƙauyukan faɗi."

"Na ji, Allah ya ƙara. Tarakta ta fita gaba, a yi mata kiɗa. Kai a gonar wa ka fita gaba, su wa ka bari a baya suna haki?"

Fuskar Alhaji ta canza. Bilya ya durƙusa kusa da kunnen ubansa yana magana ƙasa-ƙasa, amma lasifika a buɗe take, kowa ya ji: "Baba, ka tuna wa ya kai ka asibitin ido. Ka tuna wa yake aiko mana da hatsi. Ka ci gaba da kiɗan kawai, a ba tsohon nan haƙuri daga baya."

Ɗan Hajo ya ɗora hannunsa a kan fatar ganga. Ya'u ya ji yatsun Mukarrama sun ƙanƙame gefen rigarsa. Bai dube ta ba. Ya san in tsohon nan ya sake kiran Bashiru, shi ke nan, yarinyar za ta tafi gida da cewa kakanta ya yi rigima a bikin mutane an ba shi lemo.

"Alhaji," in ji makaɗin, "alherinka yana wuyana, ba zan musa ba har in mutu. Zan yanka maka naka sabo, wanda ba a taɓa yi wa kowa ba, in Allah ya ara mini kwana. Amma wannan, aro na ba ka ban sani ba. Mai shi ya zo da ƙafarsa."

"Da wannan aka san ni," in ji Alhaji. "Shi ne a wayoyin yarana, shi ne a motocina. Yau, a gaban baƙina, za ka ce ba nawa ba ne?"

"Ba naka ba ne, Alhaji."

Alhaji Bashir ya ɗaure fuska. Ya juya, ya tattara riga, ya shige cikin sito, manyan baƙi suka bi shi. Ba a jima ba janareta ya yi tari ya mutu, lasifika ta ɗauke. Wasu suka fara watsewa.

"Sun kashe wuta, Baba," in ji Bilya, murya a sanyaye.

"Da can da wuta muke yi?" Ɗan Hajo ya gyara zaman gangar. "Ya'u, matsa gaba. Ba na kiɗa wa barde yana gefena."

Ya'u ya taka zuwa gaba, yarinyar tana biye. Bugu biyu masu nauyi suka sauka, sannan ukun. Muryar tsohon ba ta kai ƙarshen fili ba, amma waɗanda suka rage sun matso sun yi da'ira, kuma 'yan amshi suka ɗauka da ƙarfi:

"Gaba ba kowa, baya sai masu haki,
Gaba ba kowa, Ya'u na Taba!"

Ɗan Hajo ya kawo gayyar Dandamisa, ya kawo ta fadamar Makarfi inda garma ta tsage a hannun Ya'u ya karɓi ta wani ya ƙarasa, ya kira sunayen mazajen da aka bari a baya, duk waɗanda Mukarrama ta sha ji a zaure. Ya'u ya amsa da kirari har sai da tari ya sarƙe shi, ya tofar, ya ci gaba. Samari suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Da ya saci kallon jikarsa, sai ya ga bakinta a buɗe, tana duban makaɗin, tana dubansa.

Da aka tashi, Bilya ya bar haɗa kaya ya zo ya sami Ya'u, rai a ɓace.

"Baba, ka san abin da ka jawo mana kuwa? Mutumin nan shi ne abincinmu."

"Ni na ce ku binne ni da raina? Ka kawo ubanka Taba, akwai masara, akwai dawa. Kuma ka gaya masa zuwan nan ba na cin abinci ba ne kawai, akwai gaisuwar jinya da bai yi ba."

A kan acaɓa ma bai huce ba. Tun daga Hunkuyi yake yi wa ɗan acaɓan bayani a kunne, cewa hannun Saminu ya yi sanyi, da can bugun ya fi haka nauyi, kuma ya tsallake gayyar Ikara gaba ɗaya, wadda ita ce babba. Sannan wanda ya fara cewa ya mutu, in yana raye, sai ya nemo shi.

Suna isa ƙofar gida, kafin babur ya gama tsayawa, Mukarrama ta diro ta ruga ciki, takalmi ɗaya ya fita ba ta koma ta ɗauka ba. Ya'u ya shiga zaure ya zauna a kan buzunsa. Daga can cikin gida ya jiyo ta, murya har maƙwabta:

"Inna! Inna, ajiye taɓaryar nan ki ji! Makahon ya san shi! Alhaji ya yi fushi an kashe wuta! Sai ni Ya'u na Taba, ƙarfen da ya gajiyar da maƙeri!"

Ya ji sautin daka ya tsaya. An kira Magariba a masallacin unguwa, ga buta a kusa da shi, amma ya ɗan dakata tukuna, ya karkata kunne wajen ƙofar cikin gida, don ya ji ko za ta kawo ta fadamar Makarfi daidai.